Abin da Zinariya Ta Ajiye

Zinariya Shu'aibu haifaffiyar Jos ce, haka ma mahaifinta. Kakanta ne ya hawo dutsen nan daga ƙasar Kazaure a zamanin haƙar kuza, bai ƙara komawa ba. Mahaifinta mai gyaran agogo ne a bakin kasuwa, kuma a wurinsa ta gaji halin nan na rashin iya ganin abu a rufe sai ta buɗe ta ga yadda cikinsa yake. Ni maƙwabciyarta ce a Nasarawa Gwong, katanga ɗaya ta raba mu. Sunana Hassana, ina koyarwa a firamare. Abin da zan faɗa game da ita, wani na gani da idona, wani kuma ita ta ba ni labari muna tsinke alayyafo a tsakar gida.

Ba mace ce mai yawan magana ba. Siririya ce, doguwa, tana tafiya da sauri kamar wadda aka aika. Bayan ta gama sakandare ta koyi buga tafireta, sannan ta auri Mahdi, direban motar haya da ke bin hanyar Jos zuwa Kuru. A shekarar 2002 ciwon hanta ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ya bar ta da ɗa guda, Adnan, yana rarrafe.

Da ta fita takaba sai ta shiga neman aiki. Ta samu a Anguwan Rukuba, kusa da Tina Junction, a shagon wata dattijuwa da ake kira Madam Cordelia, tsohuwar sakatariya da ta yi ritaya ta buɗe wurin buga takardu da fotokwafi. A lokacin ba a daɗe da rikicin 2001 ba, mutane suna ta ce mata ta nemi wani wuri a cikin unguwarmu. Ta saurare su duka, gari ya waye ta ɗauki mayafinta ta tafi.

Madam Cordelia mace ce mai faɗa da tsabta, Hausarta irin ta kan titin Jos, ba ta raba mace da namiji. Ranar farko ta dubi yatsun Zinariya a kan tafireta, ta ce, "Ka iya. Gobe ka zo da wuri." Shi ke nan ɗaukar aikin.

A 2004 Madam ta sayo kwamfuta ta gwanjo da firinta da sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta shigar da shi kwamfuta. Da shekara ta zagayo, mai gidan intanet da ke jikin shagonsu ya huda bango ya zuro musu waya. Zinariya ta koyi duka cikin sauri, amma dai aiki ne kawai a wurinta, har ranar da abin Dina ya faru.

Dina ɗaliba ce mai karatun aikin jinya. Ta yi wata da watanni tana kawo rubutun bincikenta na kammala karatu, babi bayan babi, Zinariya na buga mata. Saura gyare-gyaren ƙarshe sai cutar kwamfuta, wadda ake kira bairos, ta shigo ta filas, ɗan abin ajiyar bayanai da wani kwastoma ya kawo, ta cinye komai. Aka kira Anene, mai gyaran kwamfuta, ya yi iya yinsa, ya girgiza kai. Zinariya ta ce wa Dina ta kawo rubutun hannun a sake bugawa daga farko, ita za ta yi ko da ba za ta ci abincin rana ba.

Dina ta ce, "Anti, ai na ba mai ƙosan layinmu takardun. Na ɗauka an gama da su."

Ta zauna a dokin ƙofar shagon ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ba ta fita tare da 'yan ajinsu ba a wannan shekarar.

Da Anene zai tafi ya zaro wani faifai daga jakarsa ya ajiye wa Zinariya a kan tebur. Ya ce wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne mai suna Linux, kyauta ake ba da shi, bairos bai cika kama shi ba, amma yana da wuyar sha'ani. Ba da daɗewa ba ya koma Legas, don haka ba ta da wanda za ta tambaya.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur da wani ya kawo gyara bai dawo ya ɗauka ba, Madam ta ɗora fankon kwali a kanta. Zinariya ta roƙa aka ba ta. A kanta ta fara gwaji, da tsakar rana idan kwastomomi sun ɗauke ƙafa, da kuma ranar Asabar. Ta ce mini ranar da ta fara kunna ta, baƙin allo kawai ta gani da wani ɗan farin layi yana ƙyaftawa, yana jira a rubuta masa umarni. Ba hoto, ba abin dannawa. Ta shiga zaurukan intanet inda masu wannan harka ke tambaya da amsa, ta riƙa kwafo umarni tana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Wasu su yi, wasu su ƙi. Wata rana ta bar tazara a inda bai kamata ba cikin umarni guda, kwamfutar ta share duk abin da ta yi wata biyu tana haɗawa. Ta dawo gida ba ta ko ci tuwo ba. Washegari ta sake sa faifan daga farko.

Na taɓa tambayarta, "Maman Adnan, wai me kike nema a cikin abin nan ne?"

Ta ce, "Malama, so nake idan na ajiye wa mutum abu, ya ajiyu. Ko ina nan, ko ba na nan. Ko na manta."

Abin da ta gano shi ne, ana iya tara umarni da yawa a rubuta su wuri guda, a ce wa kwamfuta ta riƙa bin su da kanta a lokacin da aka tsayar mata. Ta kuma gano cewa akwatunan imel na kyauta sun fara ba da wuri mai faɗi, kuma abin da aka tura can ba a shagon yake zaune ba, yana cikin wasu manyan kwamfutoci a wata ƙasa. Sai ta haɗa biyun. Ta ware wuri guda a kwamfutar shago. Duk takardar da aka buga ko aka yi wa sikanin, idan aka jefa ta nan, tsohuwar kwamfutar za ta ɗauka, ta sa mata sunan mai ita, ta matse ta ta rage girma, ta tura ta akwatin imel.

Faɗar ta fi yin sauƙi. Gwajin farko, kwamfutar ta riƙa tura takarda guda tana maimaitawa ba tsayawa har aka rufe akwatin. Ta buɗe wani, ta koya mata ta riƙa yi wa abin da ta riga ta tura alama. Sai matsalar wuta. Ana tsakiyar turawa a ɗauke, fayil ya tafi rabi. Ta yi tambaya a zaure da Turancinta na sakandare, wani ya yi mata ba'a, wani kuma da ba ta taɓa sanin sunansa na gaskiya ko ƙasarsa ba ya zauna ya yi mata bayani dalla-dalla yadda za ta sa a sake turawa idan wuta ta dawo. Daga nan mai gidan intanet ya shigo yana faɗa cewa hotunanta suna toshe masa layi, kwastomominsa na ƙorafi. Ta mayar da lokacin turawar zuwa sassafe kafin ya buɗe wa jama'a. Daga baya ta ƙara wani abu: duk mako kwamfutar ta ɗauko fayil guda daga can, kowanne ta ga dama, ta duba ko yana buɗewa. Idan ya ƙi, ta yi ƙara.

Madam Cordelia ba ta fahimci yadda abin ke aiki ba, ba ta kuma yi kamar ta fahimta ba. Amma da aka yi mata bayani, ta cire gilashinta ta ce, "Takardan mutane ne, ba namu ba. Kowa ya zo, ka tambaye shi. Wanda ya ce a'a, a'a ne. Ka ji ni?"

"Na ji, Madam."

Haka aka yi. Yawancin mutane sukan ce to, ba tare da sun damu da abin da ake nufi ba. Ni ma da na kai takardar shaidar koyarwata a yi mini fotokwafi, ta tambaye ni, na ce ta yi yadda ta ga dama. Wasu kuma sukan ƙi.

Cikin waɗanda suka ƙi akwai Hammajoda, wani dattijon Bafulatani mai fataucin shanu da ya daɗe da zama a gari. A 2007 ya zo da 'yarsa Kausar, wadda ta gama sakandaren 'yan mata tana neman shiga kwalejin horar da malamai. Ya kawo ƙaramin hotonta guda a wanke masa wasu. Zinariya ta yi sikanin, sannan ta yi masa tambayar da take yi wa kowa.

Ya ce, "Ina za a kai shi?"

"Wata kwamfuta ce a ƙasar waje, Baffa. Ajiya ce kawai, ba mai gani."

"Kin san masu ita?"

"Ban san su ba."

"To kada ki kai mini 'ya inda ba ki san kowa ba."

Kausar ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya. Zinariya ta ce shi ke nan, ba ta jefa hoton a wurin turawa ba.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2008, bayan zaɓen ƙananan hukumomi, gari ya sake kamawa da wuta. Ba zan tsaya ba da labarin waɗannan kwanaki ba, duk wanda yake Jos ya san inda ya kwana. Da safiyar Juma'ar Zinariya ta riga ta sa takalmi za ta fita sai muka ga hayaƙi. Muka kwashi yara muka gudu wata makaranta inda jama'a suka taru. Da muka dawo, ɗakina da na surukata sun ƙone ƙurmus, na Zinariya ya tsira. Layin shagunan su Madam kuwa babu abin da ya rage sai bango da kwanon rufi a murɗe. Madam ta kira ta a waya, tana raye, tana gidan ƙanwarta. Suka yi ta tambayar juna lafiyar yara, babu wadda ta ambaci shago.

Da aka sassauta dokar hana fita, Zinariya ta ce in raka ta cikin gari. Muka shiga wani gidan intanet, ta zauna ta buɗe akwatin imel ɗin. Na ga sunaye suna saukowa, shafi bayan shafi. Ta nemo nawa ta danna. A hankali takardar shaidata ta fara bayyana daga sama, har da tabon shayin da ke gefenta. Asalinta ya zama toka a cikin akwatin ƙarfena. Na riƙe kujerar da take kai. Ita kuwa ta haɗa hannuwa a cinya tana kallon allon. Sannan ta ɗauki waya.

"Madam, suna nan. Duka suna nan."

Labari ya bazu ba tare da an yi shela ba. Kwafi ba asali ba ne, amma wanda ya je makaranta ko ofis da kwafi mai lamba da hatimi ya fi wanda ya je hannu rabbana. Akwai takardun haihuwa, na filaye, na kammala karatu, da hotunan aure. Damuwar ita ce garin ya rabu. Mutanen Anguwan Rukuba ba sa iya shigowa wajenmu, mu ma ba ma iya zuwa can. Sai aka raba aikin. Madam ta ari firinta ta kafa tebur a barandar ƙanwarta. Zinariya ta samu wani mai gidan intanet a ɓangarenmu ya bar mata kwamfuta guda a kunne. Ta rubuta sabon umarni: idan Madam ta turo sunan mutum ta imel, kwamfutar ta nemo takardunsa ta mayar mata da kanta, ko Zinariya tana wurin ko tana gida. Sharaɗinsu guda ne, sai mai takarda ya zo da kansa an ga fuskarsa. Da farko abin ya riƙa rikita masu suna iri ɗaya, ya turo takardun mutum uku a maimakon ɗaya. Ta gyara, ta sa a haɗa da shekarar da aka yi aikin.

Ana cikin haka wata rana Hammajoda ya shigo. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya jira har layi ya ƙare, sannan ya tsuguna a gefen teburinta, ya ƙi karɓar kujera.

Ya ce, "'Yata, kin gane ni?"

"Na gane ka, Baffa. Ina Kausar?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce yana kasuwar shanu abin ya fara. Uwar Kausar ta fita da ƙananan yaran, ita kuwa Kausar ta koma ciki ɗauko kakarta, ba su fito ba. Gidan ya ƙone da duk abin da ke cikinsa. Ya ce uwar ba ta barci, tana cewa fuskar yarinyar ta fara ɓace mata.

"An ce kina mayar wa mutane hotunansu."

Zinariya ta ce mini a rayuwarta ba ta taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Ta ce masa, "Baffa, nata ban tura ba."

Ya gyaɗa kai. "Na sani. Ni na hana. Na zo ne dai ko da kin saɓa mini."

"Ban saɓa ba."

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi, ya miƙe.

Ta ce ya ba ta lokaci. Ta roƙi Madam ta sa aka tono mata ƙwaƙwalwar kwamfutar shagon daga cikin toka, ko hoton Kausar da ta yi wa sikanin yana nan a ciki, aka miƙo ta ta hannun wani ɗan acaɓa. Ƙarfen ya yi baƙi, gefensa ya narke. Ta goge, ta canza masa ɗan allon da ke bayansa da na wani irinsa, ta haɗa da kwamfuta, ta gwada duk wata dabarar ceto fayil da ta samu a zaurukan nan. Ko motsi bai yi ba. Ta kai kunne jikinsa ta saurara, shiru.

Sai ta tuna cewa 'yan makaranta suna yawan kawo hotunan taron yaye ɗalibai a ƙara musu girma. Ta aika aka tambayo Hammajoda sunan makarantar da shekarar da Kausar ta fita. Kwamfuta ba ta san fuska ba, suna kawai ta sani, don haka wannan aikin da ido ta yi shi. Ta ware duk hotunan wannan shekarar, ta riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya a layin intanet mai jan ƙafa, tana duba rigunan makaranta. Idanunta suka yi ja, ta riƙa ɗiga musu ruwa. A mako na biyu ta samu hoton 'yan aji guda a gaban wani gini, an ajiye shi da sunan wata Chundung. A layin baya, ta biyu daga gefe, ga wata mai farin hijabi tana dariya.

Hoton na Chundung ne, don haka ba ta taɓa shi ba sai da ta nemi izini. Madam ce ta samo lambar. Zinariya ta kira, ta gabatar da kanta, ta ce akwai mahaifin wata 'yar ajinsu da ke son a ciro masa fuskar 'yarsa.

Chundung ta ce, "Wace ce, Anti?"

"Kausar Hammajoda."

"Kausar! Ai benci ɗaya muke zama. Tana ina? Na yi ta kiran layinta ba ya shiga."

Zinariya ta gaya mata. Sai ta ji kuka a wayar. Da yarinyar ta iya magana ta ce a ba shi hoton gaba ɗaya, a kuma gaya masa cewa Kausar ce ta koya mata lissafi har ta ci jarrabawa.

Fuskar a cikin hoton ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Da aka ƙara mata girma sai ta dushe, kamar ana kallon mutum ta bayan labule. Zinariya ta yi ta gwada hanyoyin gyara, ta ga duk wanda ya ƙara haske sai ya canza kamannin, don haka ta bar ta yadda take. Ta wanke guda biyu, na ajin duka da na fuskar kaɗai. Ina wurin ranar da ya zo karɓa. Ya riƙe ƙaramin da hannu biyu, ya matso da shi, ya nisantar.

"Ita ce," ya ce. "Ga wushiryarta."

Aka gaya masa saƙon Chundung. Ya sa aka nuna masa ita a cikin babban hoton, ya daɗe yana kallon ta. Ya naɗe su a cikin hularsa ya fita. Ba mu ƙara ganin sa ba, an ce ya kwashe iyalinsa sun koma wajen danginsa a Bauchi.

Madam Cordelia ba ta sake gina shagon ba. Hawan jini ya matsa mata, 'yarta da ke aure a Inugu ta dage sai ta koma wurinta. A damina ta 2009 ta kira Zinariya ta ce za ta tafi, tana son su ga juna. Shekara shida suna aiki a ɗaki guda, amma a lokacin babu wadda za ta iya zuwa gidan 'yar'uwarta hankali kwance. Suka haɗu a bakin titi a Tina Junction, kusa da masu gasa masara, ana yayyafi. Zinariya ta je da Adnan, Madam ta shafa kansa ta ce ya yi tsawo. Ta kawo mata gilashin karatu a cikin ɗan gidansa, ta ce ta lura tun suna shago tana matse ido. Zinariya ta kawo mata dambun nama a leda, na hanya.

Madam ta ce, "Mutanena za su riƙa kiran ka. Kar ka gaji da su."

"Ba zan gaji ba, Madam."

Suka tsaya a ƙarƙashin lema guda har motar da za ta kai ta tasha ta cika. Zinariya ta dawo gida a jiƙe, ta shanya mayafinta a igiya, ta ɗora wa Adnan ruwan wanka. A ƙarshen wannan shekarar ta kama ɗan shago a bakin layinmu, da kwamfuta guda da sikana ta aro. Har yanzu wayarta kan yi ƙara da lambar da ba ta sani ba, wani daga can ɓangaren gari yana faɗin sunansa, yana tambaya ko ita ce ta shagon Madam.